Jan Ambulan: Ado Ne, Ko Tsafi?

A cikin hunturun shekarar 2025 wata 'yar gardama ta tashi a wani gida na ƙasar Roni, tsakanin uba da ɗansa. Ɗan yana aiki a Kano, a wata masana'antar robobi ta mutanen Sin. Ran 29 ga Janairu Sabuwar Shekararsu ta kama, sai mai gidan aikin ya tara ma'aikata, ya miƙa wa kowa wani ɗan jan ambulan da kuɗi a ciki. Ya ƙara musu kuma da wata jar takarda mai babban rubutu guda ɗaya da ruwan zinariya. Yaro ya yi murna ƙwarai. Da ya zo gida ganin iyaye, ya ba uwarsa kuɗin, ya nemi ƙusa zai kafa takardar a bakin ƙofar ɗakinsa.

Uban yana zaune a tabarma yana dubansa, sai ya ce, “Kai, mece ce wannan?”

Yaron ya ce, “Baba, ado ne. Mai gidanmu ya ba mu. An ce rubutun albarka ya ke nufi.”

Tsohon ya ce, “Albarka daga wa? Ubana jan zakara ya ke yankawa a gindin tsamiya kowace shekara kafin shuka. Na san abin da ja ya ke nema. Na bar wannan hanya tun kafin a haife ka, ba kuwa za ta biyo ni gida ta hannun ɗana ba. Fitar da takardar, kuɗin ma a mayar wa mai shi.”

Aka aiko a kira ni, gama tsohon dattijon ekklesiya ne, mun kuwa daɗe da sanin juna. Ban iya raba gardamar nan take ba. Na roƙi a ba ni kwanaki in bincika. Abin da na samu shi ne na ke so in shimfiɗa muku, ya ku masu karatu, domin tambayar ta fi gidan nan guda girma. Kayan ƙasar Sin sun cika kasuwanninmu, daga Kantin Kwari a Kano har kasuwar Babura, 'ya'yanmu da yawa kuma suna cin abinci a hannun mutanen Sin. Tambayar ke nan: launi yana da wani iko na kansa? In kuwa ba shi da shi, ina haɗarin ya ke?

Abin da mutanen Sin su ke yi da ja

Bari mu fara da sanin al'adar kafin mu yanke mata shari'a. Sabuwar Shekarar Sin tana bin tsayuwar wata, tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Kwana 15 a ke yi ana biki, a rufe da daren fitilu. Kafin ranar a kan share gida sarai, mutane su yi ƙoƙarin biyan bashin da ke kansu, waɗanda ke aiki a birane masu nisa su komo wurin iyayensu domin a ci abincin daren jajibere tare. Sa'an nan a rufe gari da ja. A rataye jajayen fitilu na takarda. A manna dogayen jajayen takardu biyu, ɗaya dama da ƙofa, ɗaya hagu, da kalmomin fatan alheri a kansu. A tsakiyar ƙofa kuma a manna takarda mai rubutu guda, wanda su ke kira fu, watau albarka ko sa'a. Ita ce irin wadda yaron ya kawo. Waɗansu da gangan su kan manna ta kai a ƙasa, gama a harshensu kalmar “juyewa” da kalmar “isowa” amonsu ɗaya ne. Mai wucewa ya ce albarka ta juye, mai gida ya ji kamar an ce albarka ta iso.

Suna da tatsuniya a kan asalin abin. Wai a dā akwai wani dodo mai suna Niyan, ya kan fito a ƙarshen kowace shekara ya cinye dabbobi da yara. Ana nan sai aka gane yana tsoron abu uku, jan launi, da wuta, da ƙara mai ƙarfi. Saboda haka aka riƙa manna ja a ƙofa, ana kunna fitilu, ana jefa gora a wuta ta fashe. Daga baya albarushi ya maye gurbin gora. Tun kafin takarda ta shiga cikin al'adar ma, allunan itace a ke ratayewa a ƙofa domin korar mugayen iskoki. Bai kamata mu ɓoye wannan ba, gama a nan ne tsoron tsohon ya sami gindin zama.

Jan ambulan kuwa hungbau su ke kiransa. Manya su ke ba yara, masu aure su ba marasa aure, mai gida ya ba ma'aikatansa. Da hannu biyu a ke karɓa, ba a kuwa buɗewa a gaban wanda ya bayar. Ba su son adadin da ke da 4 a ciki, domin kalmar huɗu ta yi kusa da kalmar mutuwa a bakinsu. Sun fi son 8, wadda amonta ya yi kama da na arziki. Bisa ga al'ada amarya ja ta kan sa, a lulluɓe kanta da jan mayafi. In jariri ya cika wata guda a kan rina ƙwai ja a raba wa dangi. Masanansu na dā sun haɗa ja da wuta, da kudu, da lokacin zafi. Bangayen cikin tsohuwar fadar sarakunansu a Bejin, wadda aka gama ginawa a 1420, jajaye ne har wa yau.

Farin kaya fa? Na makoki ne a wurinsu. Wanda aka yi wa rasuwa fari ya kan sa, gudummawar jana'iza kuma a farin ambulan a ke kai ta. A wurare da yawa gidan da aka yi babban rashi ba su manna jar takarda a ƙofa sai shekaru sun wuce.

Abin da ja ya ke faɗa mana

Yanzu mu komo gida. Tsohon bai yi ƙarya ba. A cikin bautar iskoki ta Maguzawa kowane iska yana da irin dabbar da ya ke karɓa, da launinta, wannan jan zakara, wancan baƙar akuya, wani farin rago. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna a cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya rubuta waɗannan abubuwa a littafin da ya fito a 1946. Amma tsofaffinmu ba su bukatar littafi, da idonsu suka gani. Wanda ya tashi a irin wannan gida, in ya ga jan abu a bakin ƙofa, tilas gabansa ya faɗi.

Duk da haka ja yana da waɗansu harsuna a ƙasarmu. Ku je Kazaure, masarautar da Ɗan Tunku ya kafa wajen 1819, ku tsaya ƙofar fada ran hawan Salla. Sa'ad da kuka hangi jajayen rawunan dogarai, ba mai gaya muku ku kauce daga hanya, kun riga kun sani Sarki yana tafe. Jan nan iko ya ke faɗa. Ku shiga gidan biki ku dubi hannun amarya da ƙafarta bayan an kwance ƙunshi. Jan lalle murna ya ke faɗa. Dukawa suna rina fatar akuya da karan dafi ta yi ja wur, irin fatar nan kuwa ta ƙetare hamada tun zamanin ayari, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko domin ta can ta ke iso musu. Wannan ja ciniki ne. Mu kan ce wane jan gwarzo ne, mu ce akwai jan aiki a gaba, mu ce an nuna wa wane jan ido. A bakin Bahaushe ja yana tafiya da ƙarfi da tsanani.

Murna kuwa fara ce a wurinmu. Farin ciki mu ke yi, mu yabi mutum da farin jini, mu roƙa masa farar aniya. Ba ku ga abin mamaki ba? Launin da mu ke kiran murna da shi, shi ne launin kuka a Sin. Mu ma kanmu da fari mu ke zuwa biki, da fari kuma mu ke naɗe mamaci. Ashe ko a gida ɗaya launi ya kan yi magana biyu.

Launi kamar kalma ne

Daga nan hankali ya kan fara gane wani abu. Da a ce ja yana da iko a jikinsa, kamar yadda wuta ta ke da zafi, da aikinsa ɗaya ne ko'ina. Wuta tana ƙuna a Gwiwa, tana ƙuna a Bejin, ba ta tambayar al'adar kowa. Amma ja ba haka ya ke ba. Mutumin Sin ya fito daga ƙofarsa mai jar takarda, ja ya ce masa “albarka.” Ya hau mota ya iso mararraba, jar wuta ta ce masa “tsaya,” ya kuwa tsaya. A kasuwar hannun jari ta Shanghai, in an rubuta farashi da ja, hawa ya yi. A Amurka ja faɗuwa ya ke nunawa. Waɗanda su ke murna da jan ambulan, su ne kuma ba su so a rubuta sunan mai rai da jar tawada.

Tarihinsu ya ba mu misalin da ya fi waɗannan nauyi. A 1949 aka kafa sabuwar gwamnati a Sin da jar tuta, jan nan kuwa na juyin mulki ne. A 1966 samari masu ɗaure da jan ƙyalle a dantse, waɗanda aka kira Jajayen Dakaru, suka tashi suna yaƙi da tsofaffin al'adu, suna farfasa ɗakunan ibada, suna ƙone littattafai. A 1967 aka soke hutun Sabuwar Shekara, ba a maido shi ko'ina a ƙasar ba sai 1980. Ku lura, da ja aka ƙawata bikin, da ja kuma aka hana shi. Yau ga shi ya komo da ƙarfinsa, har a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Launin bai sāke ba ko kaɗan cikin dukan waɗannan shekaru. Mutane ne suka sāke abin da su ke faɗa da shi.

Tun 2014 ma akwai jan ambulan da ba shi da takarda. Ta hanyar WeChat mutum ya kan aika wa danginsa kuɗi a waya, hoton ambulan kaɗai su ke gani, su taɓa shi da yatsa ya buɗe. Ba rini, ba takarda, amma kaka tana jin jikanta ya tuna da ita.

Saboda haka na ce launi kamar kalma ne. Kalmar “ruwa” ba ta jiƙa kowa. Hausawa ne suka yarda a tsakaninsu amon nan zai tsaya a madadin abin sha, Bafillace kuwa ya ce ndiyam, ya sha ya ƙoshi. Haka mutanen Sin suka yarda ja zai tsaya a madadin murna. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

Amma alama ba wasa ba ce

Wani zai ce, “To, shi ke nan, tsohon ya yi kuskure, takarda ce kawai.” A dakata tukuna. Na ɗauki wannan amsa zuwa wurinsa, ya kuwa mayar mini da ita.

Ya ce, “Malam, in rawanin dogari ƙyalle ne kawai, je ka saya a kasuwa ka naɗa, ka tsaya ƙofar fada, mu gani.”

Gaskiyarsa. Ikon dogari ba a cikin rini ya ke ba, na Sarki ne. Amma wanda ya naɗa rawanin ya faɗa wa duniya shi na Sarki ne, in kuwa ƙarya ya ke yi zai sha hukunci. Haka jar alamar nan da ƙasashe suka amince da ita a Janiba a 1864 domin masu jiyyar waɗanda aka yi wa rauni a yaƙi. Fenti ne a jikin mota, ba ya tare harsashi, amma rayuka da yawa sun tsira dominsa, wanda ya ɓoye makamai a bayansa kuma ya ci amanar duniya duka. Kalma ba ta da iko a jikinta, amma da kalma a ke ɗaura aure, da ita a ke rantsuwa. Wanda ya kafa alama a ƙofarsa magana ya ke yi, ya kuwa kamata ya san abin da ya ke faɗa.

To, me jar takardar nan ta ke faɗa? A nan tilas mu yi adalci. A cikin mutanen Sin akwai waɗanda har yanzu su ke dogara ga ja domin kāriya. Shekarunsu suna zagayawa goma sha biyu goma sha biyu, kowace da sunan dabbarta, in shekarar haihuwar mutum ta zagayo sai ya ɗaura jan zare ko jar ɗamara domin kada masifa ta same shi. Wannan laya ce, ko da wane suna aka kira ta. Akwai kuma waɗanda a wurinsu jar takarda gaisuwa ce kurum, kamar yadda mu ke cewa barka da shekara. Masu bi na ƙasar Sin ma su kan manna jajayen takardu a ƙofa, da kalmomin bangaskiyarsu a kai. Takarda iri ɗaya, rini iri ɗaya, amma wannan yana gaisuwa, wancan yana neman tsari. Iyakar da ke tsakanin ado da tsafi a cikin zuciyar mai ratayewa ta ke.

Mutanen Sin sun sha wuyar wannan kuskure da jikinsu. Suna da wani jan dutse wanda a ke fitar da zaiba daga cikinsa. Masu haɗa magunguna na dā suka ga jansa kamar jini, suka ga kuma ba ya ruɓewa, sai suka ce lalle rai marar matuƙa yana cikinsa. Suka haɗa shi suka ba sarakuna. A ƙarni na tara sarakunan daular Tang fiye da ɗaya sun mutu da dafin irin wannan magani. Muddin jan dutsen yana bisa bango da akushi, ado ne mai kyau. Ran da aka nemi rai a cikinsa ya zama guba.

Yanzu ga abin da ya yi mini wuyar faɗa wa tsohon, na kuwa faɗa masa a hankali. Mai ɗaura jan zare yana cewa ja zai tsare shi. Mai gudun jar takarda yana cewa ja zai cuce shi. Su biyu ɗin sun yarda da abu ɗaya, watau cewa akwai wani iko a ɓoye cikin rini. Ɗaya yana bege gare shi, ɗaya yana tsoronsa. Wanda ya bar gindin tsamiya amma har yanzu gabansa yana faɗuwa saboda jan zakara, da sauran igiya a ƙafarsa. Kakanninmu sun ce farar aniya laya ce. Mutumin da zuciyarsa ta kafu ba ya bukatar jan zare, ba ya kuma tsoron jar takarda.

Na juya ga yaron kuma. Samun gaskiya a gardama bai ba shi izinin ɓata ran ubansa ba. Tsohon nan ya biya tsada sa'ad da ya bar hanyar gidansu. 'Yan'uwansa sun ƙi cin abinci tare da shi shekara da shekaru. Abin da ya ke ado a idon yaro, tabo ne a idon uba. Maƙwabta kuma ba su san harshen Sin ba. In sun ga baƙon rubutu a bakin ƙofar dattijo, karatun da za su yi masa shi ne laya. Kalma tana da mai faɗa, tana kuma da mai ji. Wace riba ce ɗa zai samu in ya ƙawata ƙofa ya hana ubansa barci?

Haɗarin yana cikin ambulan

Sauran maganar kuɗin. A nan ne na ga mun tsaya muna tsaron ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Akwai hikima a cikin jan ambulan wadda ta isa a yaba. Yana rufe adadi. Mai hannu da shuni da talaka su kan miƙa abu iri ɗaya a gaban jama'a, ba wanda ya san na wa ya fi nauyi. Ku gwada wannan da namu. A gidan biki maroƙi ya kan ɗaga murya ya ce wane ya ba da kaza, wance ta ba da kaza, mai ƙaramin ƙarfi ya sunkuyar da kai. Mata suna da al'adar biki, wadda aka kawo wa gudummawa ta kan mayar da ninki, har abin ya kai inda wata za ta sayar da akuyarta domin gudun kunya. A ranar godiyar kaka ma wani lokaci a kan kira suna da adadi. Kada a ce mutanen Sin sun kuɓuta daga wannan, gama su ma su kan rubuta abin da kowa ya kawo ran aure domin su rama daidai, samarinsu kuma suna kuka da nauyin abin. Amma niyyar rufewar mai kyau ce, mu ma muna iya koyonta.

Sai dai murfin da ya rufe kunyar talaka shi ne kuma ya ke rufe hannun maciyin hanci. A Sin kalmar hungbau ta sami ma'ana ta biyu. Dangin majiyyaci su kan miƙa wa likita jan ambulan kafin a shiga ɗakin fiɗa, mai neman kwangila ya miƙa wa ma'aikacin gwamnati. Abin ya yi yawa har a 2014 hukumar lafiya ta ƙasar ta umarci likitocin manyan asibitoci da majiyyata su sa hannu a takarda, cewa ba za a bayar ba, ba za a karɓa ba. Kada mu yi musu dariya. Me muka yi da goro? Goro abin girmamawa ne, da shi a ke neman aure, da shi a ke kiran suna, yara suna yawon karɓar goron Salla. Amma wa bai taɓa jin an ce “a ba da na goro” a bakin ofis ko a shingen hanya ba? Mun ɗauki sunan abu mai daraja mun lulluɓe ƙazanta da shi, daidai yadda suka yi da jar takardarsu.

Ta yaya za a rarrabe kyauta da hanci, tun da ya ke rigarsu ɗaya? Na ba yaron tambayoyin da na ke yi wa kaina. An ba ka a gaban mutane, ko a ɓoye? An ba kowa, ko kai kaɗai? Bayan aiki ne, ko gabannin wata alfarma da a ke nema a hannunka? In ka karɓa, bakinka zai iya faɗin gaskiya gobe a kan wanda ya ba ka? Kyauta ta kan bar mutum da godiya, godiya kuwa ba ta ɗaure harshe. Hanci ya kan bar shi da shiru. Akwai kuma wata tambaya ga masu ba da aiki, ko na Sin ne ko namu: an biya ma'aikaci cikakken hakkinsa a kan kari? Ambulan guda a shekara ba ya wanke albashin da aka tauye wata goma sha biyu.

Yaron ya amsa duka a gaban ubansa. An ba su a fili, an ba kowa har mai gadi da mai shara, ba a nemi kome a hannunsa ba, albashinsa kuma yana fita a kan lokaci. Tsohon ya yi shiru, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Sa'an nan ya ce, “In haka ne, kuɗin halal ne. Ka koma ka yi wa mutumin godiya, ka ce ubanka ya gode. Yaba kyauta tukwici. Amma takardar, Malam, kome za ka faɗa, idona ba ya sonta.”

Yaron ya ce, “Na ji, Baba.” Ya naɗe ta, ya sa a ƙasan akwati tare da takardun makarantarsa. Da kuɗin aka sayi taki kafin faɗuwar ruwa.

Ban ce na rinjayi tsohon a kan kome da kome ba. Har yau yana ganin na sassauta da yawa, ni kuwa ina ganin da sauran tsoron da ya kamata ya ajiye. Muna nan muna gaisawa, zancen kuma bai ƙare ba. Amma ku da 'ya'yanku ke aiki a hannun baƙi, ku da ke sayen jajayen kayan ado na Sin kuna ratayewa ran Kirsimati ko ran aure, ga shawarata. Ku tambayi ma'anar abin kafin ku rataye shi, ku tambaye ta kuma kafin ku la'anta shi. Kada ku sa begenku ga launi, kada kuma ku ji tsoronsa. Ku kula da zuciyar waɗanda ku ke zaune tare da su. In kuwa aka miƙo muku ambulan, ja ne ko fari ko ruwan ƙasa, ku bar duban bayansa, ku tambayi abin da mai bayarwa ya ke so ku yi masa gobe.